Sunana Ne a Kan Tallar

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Sun kawo takarda. Su biyu ne, ɗaya da kayan Hisba, ɗaya da farar shadda. Ina tsakar gida ina murza cincin ɗin wani biki, hannuna duk fulawa. Daga soro suka yi sallama, suka ce matar gidan suke nema, ba maigidan ba.

"Ke ce Firdausi mai shafin girki?"

Na ce ni ce. Mai shaddar ya ce in je ofis ranar Laraba ƙarfe goma, da wayata, da mijina. Na tambaye shi me na yi. Ya ce, "Malama, maganar tallar nan ce da kika yi. In kin zo za ki ji."

Shekara uku ina talla a shafina. Turaren wuta, tukwane, garin kunu, har makarantar islamiyya. Amma ban ce masa wacce ba. Na sani.

Ko hannu ban wanke ba na goge bidiyon.

Litinin, bayan magariba

Baban Khairat ya karanta takardar sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu. Abu ɗaya ya tambaye ni: "Ta Saminu ce?" Na ɗaga kai. Ya tashi ya tafi masallaci, ko kiran isha ba a yi ba.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko don in ji me zan faɗa musu.

Saminu ɗan kawuna ne, yana saye da sayar da wayoyi a Kongolam, bakin iyakar Nijar. Watan Janairu ya zo ya zauna a kan tabarmar nan ya ce, "Yaya, kina da mabiya dubu arba'in kina tallar garin kunu? Ga kamfani na neman murya irin taki." Manhaja ce ta waya, wai hasashen wasan ƙwallo. Aikina kawai a ƙarshen bidiyon girki in ce a sauke ta, a yi rajista, a sa lambata. Lambar kuwa sunana ne, FIRDAUSI, da manyan baƙaƙe. Duk wanda ya shiga da ita ina da kamasho.

Na ce masa anya? Ya ce, "Wallahi ba abin da kike tunani ba ne. Wannan ilimi ne, wanda ya san ƙwallo shi ke ci." Baban Khairat tun a ranar ya ce bai kwanta masa ba. Na ce masa shi komai ba ya kwanta masa.

Wata huɗu tallar na yawo ba wanda ya ce uffan. Me ya sa sai yanzu? Kuma wa ya nuna musu gidan? Lungunmu ko ɗan acaɓa sai an yi masa kwatance sau biyu.

Talata, 6 ga Mayu, hantsi

Wayar Saminu a kashe. Sau tara.

Talata, la'asar

Zubaida ta kira. Ƙawata ce tun sakandare, kuma sana'armu ɗaya, cincin da dubulan na biki. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Na ji an zo gidanku jiya. Lafiya dai?"

A ina ta ji? Gidanta na can wajen tasha, nawa na cikin gari. Ban faɗa wa kowa ba, ko Inna.

Na ce mata masu duba tsabta ne. Ta ce, "To, Allah ya kyauta." Yadda ta faɗe shi bai yi mini ba.

Sai yanzu nake tuna sati biyu da suka wuce, a gidan suna, ta jawo ni gefe ta ce, "Wai wannan tallar nawa suke ba ki?" Da na yi dariya ta ce, "Ki dai yi hankali." Kuma bikin nan da nake wa cincin, ita aka fara yi wa magana kafin a dawo wurina.

Ba na so in zarge ta. Na rubuta ne kawai.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Mun je. Ba su yi mini tsawa ba, da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Babban nasu dattijo ne mai tabarau, ya sa aka kawo mini kujera. Ya buɗe fayil ya juyo mini da shi. Ga fuskata a takarda, da ludayi a hannu, ga sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe. Hoto shida. Sannan ya kunna wayarsa, sai ga muryata a ɗakin: "'Yan uwa, ga hanyar samun na cefane daga ɗakinku."

Wanda na goge ne. Suna da shi.

"Malama, kin san wannan caca ce?"

Na ce an ce mini hasashe ne.

"Ana sa kuɗi?" Na ce ana sawa. "In bai faɗa daidai ba, ana mayar masa?" Na ce ba a mayarwa. Ya ce, "To mene ne sunan wannan a garinku?"

Ya ce ƙorafi aka kawo a rubuce, kuma akwai wanda ya yi asara mai yawa. Za su bincika, sannan su ga ko sulhu za a yi ko kotu za a miƙa. Na ce wa ya kawo ƙorafin? Ya ce lokacin sani bai yi ba. Sun riƙe wayata. Baban Khairat ya sa hannu zai kawo ni duk ranar da aka neme ni.

A kan babur muka koma gida. Ban riƙe shi ba, ƙarfen baya na riƙe.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Ƙaramar wayar Khairat nake amfani da ita, mai maɓalli. Saminu a kashe.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Hoto shida. Tun jiya nake lissafa su a kaina. Na huɗun ba daga shafina yake ba, daga abin da nake sawa a waya ne wanda sai mai lambar wayata ke gani. Ke nan wanda ya ɗauka yana da lambar wayata. Zubaida na da ita. Shatu maƙwabciyarmu na da ita, kuma tun da na hana ta aron injin markaɗe gaisuwarmu ta ragu. Matan unguwar nan duk suna da ita. Duk wadda ta taɓa yin odar cincin tana da ita.

Da na fita zubar da shara mata biyu na tsaye a ƙofar Shatu. Suna ganina suka yi shiru. Wataƙila maganar farashin gero suke. Wataƙila.

Asabar, 10 ga Mayu, hantsi

Na je wurin Barista Zulfa. Ajinmu ɗaya a firamare, yanzu tana da ofis a saman wani shagon magani. Ta saurare ni har ƙarshe tana juya biro. Tambayarta ta farko: "Me ya sa kika goge bidiyon?"

Na ce tsoro.

"Kada ki ƙara goge komai. Wanda ya goge, cewa ake ya san abin da ya yi."

Ta sa na tuna kalmar sirrina, ta buɗe asusun a kwamfutarta. Akwai wata doguwar takarda da Turanci wadda Saminu ya ce in danna na yarda, na danna ban karanta ba. Ta karanta mini da Hausa, sannu a hankali. Kamfanin ya ce shi ba ruwansa da dokar inda mai talla yake zaune, wannan nauyin mai talla ne. Ya ce duk ƙarar da ta taso saboda kalaman mai talla, mai talla zai amsa. Ta duba adireshinsu, wani tsibiri ne da ban taɓa jin sunansa ba. Ta nemi lambar lasisinsu ba ta gani ba.

"To su ba za a kama su ba?"

"A kama wa? Ina ofishinsu? Firdausi, a duk abin nan fuska ɗaya ce a fili, suna ɗaya. Naki. Kuma ko da suna da lasisi a wani wuri, ke a Daura kike zaune, da shari'ar nan za a auna ki."

Sannan ta ce, "Kin san daga ina kamashonki ke fitowa?" Na ce daga rajista. Ta juyo mini da kwamfutar. Na farkon ne kawai na rajista. Sauran kaso ne daga abin da mutanen da suka shiga da sunana suka rasa. In sun ci ba ni da komai. In an cinye su, wayata ta yi ƙara.

Na sayi firji da kuɗin nan. Da na dawo na tsaya ina kallonsa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ban dafa komai ba. Khairat ta jiƙa mana garin kwaki.

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Baban Khairat ya canza. In an kira shi sai ya fita soro ya rage murya. Wayarsa da yake yar da ita ko'ina, yanzu har bayi da ita yake shiga. Yau ya ce zai makara a makarantar da yake koyarwa a Dutsi, akwai taron malamai. Ƙarfe sha biyu hedimasta ya kira wayar Khairat yana tambaya ko jikin Malam Bature, wato Baban Khairat, ne ya hana shi zuwa.

Na ce eh, zazzaɓi ne. Ni da nake cikin wannan hali, ga ni ina yi wa wani ƙarya.

Da ya dawo na ce yaya taro? Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sha ruwa kofi uku.

Abu biyu ke yawo a kaina, kowanne ya fi ɗan uwansa muni. Ko dai shi ma ya sa lambata ya shiga, albashinsa ya tafi, yana yawon neman mafita. Ko kuma shi ne. Tun farko ba ya so. Yana da lambar wayata, ya san gidan, ya iya rubuta ƙorafi da Hausa mai kyau. A ofis ɗin nan da dattijon ya miƙa masa hannu, kamar na ga sun san juna.

Astagfirullah. Shekara goma sha huɗu muna tare.

Amma ina ya je?

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Masu bikin sun aiko a mayar musu da fulawarsu da mai. Sun ce an samu canjin tsari. Na tambayi yarinyar da suka aiko wa za a kai wa. Ta ce gidan Zubaida.

Laraba, azahar

Na kira ta. Ban bar ta ta yi magana ba. Na ce ta ci riba, ta samu abin da take so, Allah ya isa tsakanina da ita. Na ce tun muna aji uku take baƙin ciki da ni. Na faɗi wata magana a kan aurenta na farko wadda ita ta faɗa mini a asirce, ba zan rubuta ta a nan ba.

Ta ce, "Firdausi, ni?" Sau biyu ta faɗa. Na kashe.

Na ji sanyi na kamar minti goma.

Juma'a, 16 ga Mayu, la'asar

Na je gidan Kawu. Ya ce rabonsa da Saminu tun ranar Litinin ɗin da aka kawo mini takarda. Ranar. Wa ya gaya wa Saminu tun ranar? Matar Kawu ta ce ya tsallaka Nijar saro kaya, ai ya saba. Tana magana tana gyara ɗankwali, ba ta kalle ni ba. A bakin gado na ga sabuwar waya a kwalinta.

Kawu ya rako ni ƙofa ya ce, "Firdausi, ki rufa mana asiri, kada ki kira sunansa a can. Zumunci ya fi komai."

Na ce, "Kawu, ni nawa asirin wa ya rufa?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai yau.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan magariba

Na tare shi a soro, wayar na kunnensa. Na ce, "Baban Khairat, don girman Allah, kai ne ka kai ni?"

Ya sauke wayar. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Abin da kike ɗauke da shi ke nan kwana nawa?"

Na ce hedimasta ya kira.

Ya ce Kongolam yake zuwa. Sau uku. Ya bi shagunan masu waya ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a tasha, ya ba wani direba na mai ya leƙa masa tsallake. Wanda yake waya da shi direban ne. Saminu ya kwashe kayan shagonsa, kuma ba ni kaɗai ya sa ba, akwai wani mai barkwanci a Mai'adua da wata mai kwalliyar amare. Kowannenmu da lambarsa, shi kuma yana da kaso a kan kowa. Mai barkwancin aka fara kira, shi ya sa Saminu ya sani tun ranar.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"In gaya miki ɗan uwanki ya sayar da ke, kina wannan halin? So nake in kamo shi in kawo shi gabansu, ya tsaya inda kike tsaye." Ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ni, Firdausi?"

Shi ma abin da ya ce ke nan.

Litinin, 19 ga Mayu

Yana gaishe ni, yana cin abincina, yana ba da na cefane. Ba ya zama.

Laraba, 21 ga Mayu, hantsi

Barista Zulfa ta ce gobe ne. Mai ƙorafin ta yarda a zauna. Ta. Mace ce. Na ce Zubaida ce ko? Ta ce, "Wace ce Zubaida?"

Ta ce in faɗi gaskiya duka, har sunan Saminu, kada in ƙara kada in rage. Ta ce in an yi sulhu zan tsira daga kotu, in ba a yi ba ita ba za ta yi mini alkawarin komai ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Ban san ta ba. Ban taɓa ganinta ba.

Siririya ce, ba za ta wuce ashirin da biyar ba, da goyo, hijabinta ya koɗe a kafaɗa. Sunanta Hadijatu, daga wani ƙauye a bayan Sandamu. Mijinta Ya'u na zaune a ƙarshen benci, kansa a ƙasa tun da muka shiga har muka fito. Da ta gan ni sai ta ɗan rusuna ta ce, "Anti Firdausi, ina wuni." Kamar mun haɗu a gidan biki.

Dattijon ya ce ta yi bayani. Ta ce shekara biyu tana bin shafina a wayar mijinta. Ta taɓa yin odar dubulan na sunan ɗanta, ta zo da kanta ta karɓa a hannun Khairat, shi ya sa ta san gidan, shi ya sa take da lambar wayata.

"Da na ji kin ce hanyar samun na cefane ce, ni na kai masa wayar. Na ce Malam, ga abin da Anti Firdausi ta ce. Ya ce shi bai yarda da irin waɗannan ba. Na ce ai wannan matar ba ta ƙarya, duk abin da ta ce a zuba, in ka zuba haka yake fitowa."

Ya ci sau biyu a farko. Daga nan ya sayar da geron da suka ajiye. Daga nan akuyoyinta. Watan jiya ya kai shanun nomansu biyu kasuwar Mai'adua, ya ce mata ɗaya ne ba shi da lafiya.

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi.

Dattijon ya tambaye ta me take nema. Ta ce ita ba ta zo don a ɗaure kowa ba. "So nake ta faɗa da bakinta, a inda ta faɗi na farkon. Akwai mata a garinmu da har yanzu suke cewa ai Anti ce ta ce."

An rubuta. Zan yi bidiyo in janye, in faɗi sunan abin, ya zauna a saman shafina wata uku. Duk abin da na samu ta hanyar nan zan mayar ta hannun ofis, firjin ma zai tafi. Ba zan ƙara tallar abin da ban nuna wa hukuma ba. Na faɗi sunan Saminu, sun rubuta, maganarsa na nan buɗe. Barista ta ce na yi sa'a. Abin da zan mayar ko saniya ɗaya ba zai saya ba, kowa a ɗakin ya san haka.

A waje Hadijatu ta tsaya tana gyara goyo. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana duka. Ni ma ai ni na kai masa." Har ta juya ta dawo. "Anti, cincin ɗin nan mai madara da kika koya mana, shi nake yi yanzu ina kaiwa bakin makaranta. Da shi muke ci."

Asabar, 24 ga Mayu, da safe

Sun ba ni wayata. Na yi bidiyon sau bakwai kafin murya ta tsaya. Baban Khairat ne ya riƙe wayar. Na ce caca ce, na ce na ci daga asarar mutane, na ce duk wanda ya shiga da sunana ya fita. Da muka gama ya ce, "Na shidan ya fi, amma sa wannan." Ya zauna ya sha shayi a tsakar gida. Rabonsa da zama tun Lahadi.

Kawu ya aiko wai kada in ƙara taka masa gida.

Litinin, 26 ga Mayu, la'asar

Na je gidan Zubaida da ƙafata. 'Yarta ta fito ta ce tana barci. Ina jin ƙarar injin murza cincin daga ciki. Na ce a gaya mata zan dawo jibi. Zan koma, ko sau nawa ne.

Ashe ƙanwar mijin Zubaida ce ke aure a lungunmu. A nan ta ji.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan azahar

An yi ruwa da hantsi, mai yawa, har kwatar gidanmu ta cika. Kowa a unguwa murna yake, ana cewa na shuka ne, masu shanu gobe za su kama huɗa.

Na kira wata mai saye a wurina da ke Sandamu, wajen su Hadijatu, na tambaye ta ko an yi ruwa. Ta ce can ma an yi.